Me ya sa abin da ka kwafa daga faifai ya ƙi buɗewa? Yadda kwamfuta ke karanta CD, VCD da DVD

Kwanakin baya wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama da yamma, filash a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma faifan CD ne a naɗe cikin hankici. Bayan mun gaisa ta ce, “Malam, don Allah duba mini. Jikana ya ce ya juye mini karatun Alhaji a cikin wannan ɗan abin, amma mun sa a rediyo shiru, mun sa a talabijin shiru.” Alhajin da take nufi maigidanta ne, Allah Ya jiƙansa. An ɗauki karatun nasa a wani situdiyo tun yana da ƙarfinsa, kuma wannan faifan kaɗai ya rage.

Da na sa filashin a kwamfuta sai na ga fayiloli 12, daga Track01 zuwa Track12, kowanne kwamfuta ta rubuta masa nauyin kilobayit 1. Karatun kusan awa guda ba zai taɓa shiga kilobayit 12 ba, ko hoto ɗaya na waya ya ninka haka sau ɗaruruwa. Na ce, “Hajiya, babu komai a nan. Amma tunda faifan yana hannunki, ba a yi asara ba tukuna.” Yaron bai yi sakaci ba. Ya yi abin da kowa ke yi ne: ya buɗe faifai, ya zaɓi abin da ya gani, ya kwafa, ya zuba. Abin da bai sani ba shi ne, a faifan sauti babu fayil ko ɗaya.

Ba gidan Hajiya kaɗai wannan ya shafa ba. Daga Garwa zuwa Marwa da Ngaundere, daga unguwar Briketeri a Yawunde zuwa New Bell a Duwala, da wuya ka shiga gidan da babu jaka ko kwali cike da faya-fayai: bikin aure, suna, walimar saukar karatu, dawowar alhazai, tafsirin azumi, finafinan Kano. Na’urorin kallonsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma yawancinsu ba sa zuwa da wurin sa faifai. Tun a 2008 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air ba tare da shi ba, sauran kamfanoni suka bi sahu. Duk mai son ceto abin da ke cikin faya-fayan nan, to ya kamata ya san yadda kwamfuta ke kallonsu.

Zare ɗaya mai tsawon kilomita 5

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira abin nan faifai. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana saƙa faifai ya san daga cibiya take farawa, ta yi ta naɗawa har ta kai baki. Haka rubutun CD yake: layi ɗaya ne tak, ya tashi daga kusa da ramin tsakiya yana zagayawa zuwa gefe. Faɗin faifan santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, amma da za a warware layin nan a miƙe shi, zai haura kilomita 5. Tsabar sirantarsa, layuka 40 ko fiye za su iya jeruwa a kan kaurin silin gashi ɗaya.

A kan layin akwai ƙananan ramuka da filin da ke tsakaninsu. Na’ura tana haska su da hasken leza, wani siririn rufi na alminiyam ya mayar da hasken, wani ido na lantarki ya auna yawan abin da ya dawo. Duk inda aka shiga rami ko aka fita daga rami, ana lissafa 1. Inda babu canji kuma 0. Daga waɗannan lambobi biyu ake gina murya da hoto da rubutu.

Kamfanonin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka haɗa kai suka fito da CD, ya shiga kasuwa a 1982. DVD ya biyo baya a 1996, sai Blu-ray a 2006. Girmansu ɗaya a ido, bambancin yana ga hasken da ke karanta su. Na CD tsawon zangonsa nanomita 780 ne, na DVD ja ne mai 650, na Blu-ray kuma shuɗi ne mai 405. Gajeren zango shi ke ba da damar ƙanƙanta ramuka da matse layuka. Shi ya sa CD ke ɗaukar megabayit 700, DVD gigabayit 4.7, mai hawa biyu 8.5, Blu-ray kuma 25. Shi ya sa kuma tsohuwar na’urar CD ba ta ganin DVD, alhali ta DVD tana karanta duka biyun, don leza biyu gare ta.

Faifan da aka buga a masana’anta, ramukansa na gaske ne, an danna su a jikin roba. Wanda mai situdiyo ko mai ɗaukar biki ya yi maka kuwa, wato CD-R ko DVD-R, wani rini ne a shimfiɗe a ciki, leza ke ƙona shi ya bar tabo a madadin rami. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Faifan sauti: babu fayil, sai fihirisa

Lokacin da aka tsara CD, ba a yi shi don kwamfuta ba. An yi shi ne don ya gaji faifan garmaho da kaset. Dokokinsa suna cikin wani kundi na 1980 da ake yi wa laƙabi da Jan Littafi, saboda launin bangonsa. A tsarin, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta ɓangaren hagu da na dama, a jera lambobin a kan layi tun daga farko har ƙarshe kamar ruwan kogi. An yanka layin gurbi-gurbi, kowane gurbi bayit 2,352, kuma gurbi 75 ke wucewa ƙarƙashin leza a daƙiƙa guda. In ka buga lissafi, minti ɗaya ya ɗan haura megabayit 10.

Babu suna, babu jaka, babu kwanan wata. Abin da kawai ke akwai shi ne ɗan fihirisa a can kusa da cibiya, irin wanda ke farkon littafi: sashe na ɗaya ya fara a minti kaza, na biyu a minti kaza, har zuwa sashe 99 in an so. Rediyon mota ko na ɗaki wannan fihirisar yake dubawa, sai ya tura leza wurin.

To daga ina Track01 ɗin ya fito? Windows ce ta ƙirƙire shi. Da yake ta saba nuna komai a matsayin fayil, sai ta karanta fihirisar, ta yi wa kowane sashe wata ’yar takarda mai ƙarewa da .cda, bayit 44 kacal, wadda ba ta ɗauke da komai illa “je ka wuri kaza a faifai, ka karanta tsawon kaza.” Kamar ka kwafe lambar gida ne a takarda ka ce ka sayi gidan. Muddin faifan yana ciki, in ka danna takardar za ka ji sauti, shi ya sa mutum yake sakankancewa. Ana cire faifai, shi ke nan. Kama da wane ba wane ba ce.

Wani abin da zai tabbatar maka cewa fayilolin ƙirƙira ce: ka sa wannan faifan a kwamfutar Apple, za ta nuna maka sassan a matsayin fayilolin AIFF masu cikakken nauyi, kuma in ka ja su za ta juyo sautin da gaske. Faifai ɗaya, kwamfuta biyu, kowacce da abin da ta nuna.

A Windows, abin da ake yi shi ne tatsar faifan. Manhaja ce ke bin layin gurbi bayan gurbi, ta kwashe lambobin, ta ɗura su cikin fayil na gaske, WAV ko FLAC ko MP3. Windows Media Player yana yi, akwai kuma Exact Audio Copy wadda kyauta ce, wadda kan maimaita karanta wurin da take shakka har sai ta gamsu. Sunayen waƙoƙi da kake gani suna fitowa da kansu a faifan mawaƙan waje, galibi daga intanet suke: manhajar tana haɗa yawan sassa da tsawonsu ta nemi mai kama da su a wata taska. Karatun Alhaji ba ya cikin wannan taska, don haka da hannu za ka rubuta masa suna.

Faifan bayanai: a nan ne rajista ta shigo

Da masu kwamfuta suka ga faifan da zai ɗauki abin da ɗaruruwan faya-fayan filofi ke ɗauka, sai suka ce su ma suna so. Amma akwai matsala biyu.

Ta farko ita ce kuskure. A sauti, in lamba ɗaya ta ɓace saboda ƙarzuwa, na’ura kan dubi ta gabanta da ta bayanta ta yi kirdado, kunne ba zai ji ba. A takardar albashi ko manhaja kuwa, babu kirdado, lamba ɗaya ta canza komai ya rushe. Don haka a faifan bayanai aka rage kayan da gurbi ke ɗauka daga 2,352 zuwa 2,048, ragowar 304 aka ba wa lambar gurbin da lissafin gano kuskure da gyara shi. Wannan lissafi ya samo tushe daga aikin wasu masana biyu na Amurka, Irving Reed da Gustave Solomon, a 1960. Wannan ne dalilin da ya sa faifai ɗaya ake rubuta masa abu biyu a kwali, minti 80 da megabayit 700. Gurbi 360,000 ne duka, sai dai abin da aka zuba a kowanne ya bambanta.

Matsala ta biyu, kowane kamfani da irin tasa hanyar jera fayil. A 1985 wakilan kamfanoni suka zauna a wani otal mai suna High Sierra kusa da tafkin Tahoe a Amurka, abin da suka tsara shi ne ya zama ƙa’idar duniya ta ISO 9660 a 1988. Ga yadda take aiki. Kana sa faifai, kwamfuta ta tsallake gurabe 16 na farko, ta je gurbi mai lamba 16 ta duba ko akwai tambarin CD001. In ta gan shi, a nan za ta sami sunan faifan, da girmansa, da inda babbar rajista take. Rajistar kuma ita ke cewa fayil kaza ya fara a gurbi kaza, tsawonsa kaza. Tamkar malamin da ya shiga sabon aji ne, rajista zai fara nema kafin ya san wa ke zaune a ina.

Ƙa’idar farko tana da tsauri: suna kada ya wuce harafi 8, sai ɗigo, sai harafi 3, duka manyan baƙaƙen Turanci. A 1995 Microsoft ta ƙara wani tsari mai suna Joliet, wanda ya yarda da suna har harafi 64 da haruffan harsuna daban-daban. Da shi ne sunan fayil zai iya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, ko rubutun Larabci. Amma tsofaffin na’urorin mota da na ɗaki da yawa tsohuwar rajistar kawai suke dubawa, shi ya sa za ka ga sunan da ka rubuta da kyau ya fito a gutsure ko da alamomin tambaya. Daga baya aka samar da UDF, wanda DVD da Blu-ray ke amfani da shi.

Faifan MP3 da ake sayarwa a tasha, mai ɗauke da izu sittin ko waƙa ɗari da wani abu, irin wannan ne. Faifan bayanai ne, fayilolinsa na gaske ne, kwafa da zubawa ya wadatar. Saboda haka faifai biyu na iya zama duk karatu ne a ciki, amma hanyar juye su ta sha bamban. Ka dubi ƙarshen sunan da nauyin fayil kawai, za ka gane wanne ne a hannunka.

VCD: rabi fayil, rabi kogi

VCD ya fito a 1993, Philips da Sony da JVC da Matsushita suka tsara shi. A Turai da Amurka bai yi wani tasiri ba, amma a Asiya da Afirka ya yi kasuwa sosai, saboda arha, ga shi babu wani makulli a kansa. A kansa finafinan Hausa suka hau bayan sun sauka daga kaset ɗin bidiyo, daga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano kuma suka bazu har garuruwanmu. Rashin makullin nan ne kuma ya sauƙaƙa wa masu satar fasaha, abin da ’yan fim suka daɗe suna kuka da shi.

In ka buɗe VCD a kwamfuta za ka ga jakunkuna kamar VCD da MPEGAV da SEGMENT da EXT da CDI. Fim ɗin yana cikin MPEGAV, da suna AVSEQ01.DAT. Amma akwai dabara a nan. Sashen farko na faifan ne kawai ke da rajista irin ta ISO 9660. Bidiyon kansa yana sashe na biyu, a shimfiɗe kusan kamar na faifan sauti, sunan DAT ɗin nuni yake yi zuwa can. Kuma don fim ya samu wuri, an cire yawancin lissafin gyaran kuskuren nan, kowane gurbi ya koma ɗaukar bayit 2,324.

Abu biyu suka biyo bayan haka. Na ɗaya, za ka iya ganin fayil mai kusan megabayit 800 ya fito daga faifan da aka rubuta wa 700, ka ɗauka kwamfuta ta rikice. Lafiyarta ƙalau. Na biyu, VCD ba ya jure ƙarzuwa kamar faifan bayanai. Wurin da na’urar kallo za ta ɗan sarƙe, hoto ya farfashe gida-gida sannan ta wuce, kwamfuta mai kwafa tsayawa take cak ta ce ta ga kuskure, domin ita ba ta yarda ta ba ka fayil mai giɓi ba.

Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye a tsarin PAL, an matse shi da MPEG-1. Faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim ɗin Indiya ke zuwa a faifai biyu ko uku. In ka juye DAT ɗin waya ta ƙi buɗe shi, ba lalacewa ya yi ba, ba ta san sunan ba ne. Manhajar VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faris suka faro a 1996, tana buɗe shi.

DVD: gida mai ɗakuna da mai gadi

A DVD na kallo komai fayil ne na gaske, sai dai an jera su bisa doka. Akwai jakar VIDEO_TS, sau da yawa da wata AUDIO_TS wadda ba komai a cikinta. A cikin ta farkon fayil iri uku ne. VOB shi ne kayan: hoto mai ɗigo 720 da 576 a tsarin MPEG-2, da sauti, da rubutun fassara, duk a cuɗe. IFO shi ne jagora: ina fim ya fara, ina babi na uku yake, wane harshe ne na farko, in an danna maɓalli kaza a shafin zaɓi ina za a nufa. BUP kuma kwafin IFO ne, an ajiye shi nesa da shi a jikin faifan, don in ƙarzuwa ta ci ɗaya, ɗayan ya tsira.

Doka ta hana VOB ɗaya ya wuce gigabayit 1. Don haka bikin awa biyu za ka gan shi a yanke: VTS_01_1, VTS_01_2, VTS_01_3, har zuwa inda ya ƙare. Wanda ya ƙare da sifili, in akwai, shafin zaɓi ne. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya ɗauki VOB ɗaya, ya buɗe ya ga amarya, ya ce ai shi ke nan, bai san kamu da wuni kawai ya kwasa ba, ɗaurin aure da kai amarya suna cikin sauran. Jakar VIDEO_TS gaba ɗaya ake ɗauka.

Wani abin da ke ruɗa mutane: kwamfuta ta nuna fayilolin amma ta ƙi kunna fim ɗin. Tun daga Windows 8 a 2012, Microsoft ta daina haɗo manhajar kallon DVD a ciki, saboda kuɗin lasisi. Ganin fayil aikin rajista ne, kunna shi kuma aikin wata manhaja ce daban. VLC tana toshe wannan giɓi.

Sai maganar makulli, wanda ya shafi faya-fayan manyan kamfanoni. An raba duniya shiyya-shiyya: Amurka da Kanada shiyya ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2, yawancin Afirka, har da Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi da Gana, ta 5. Ke nan faifan asali da ɗan’uwa ya aiko daga Faransa, ko wanda aka sayo a Saudiyya, yana iya ƙin aiki a na’urar da aka saita wa tamu shiyyar. Na’urar kwamfuta tana ba ka damar canza shiyya sau 5 kawai, daga nan ta kafe a kan ta ƙarshe, don haka kada ka yi ta dannawa. Akwai kuma wani makullin mai suna CSS da ke hargitsa VOB, in ka kwafa ka ga hoto a dagule. An karya shi a 1999, har aka gurfanar da wani matashi ɗan Norwe, Jon Johansen, kotu ta wanke shi a 2003. Faifan bikinka ko na walimar ɗanka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fim ko waƙar da wani ya zuba dukiyarsa ya yi kuwa, iya juye ta ba ya halatta maka sayar da ita, haƙƙin mai shi yana nan.

In kwamfuta ta ce faifan babu komai

Kada ka yi saurin jefarwa, kuma in ta tambaye ka ko ta shirya faifan don sabon rubutu, ka ce a’a. Kamarorin da ke ɗauka kai tsaye a ƙaramin DVD, da na’urorin da ke naɗar shirin talabijin, ba sa rubuta fihirisa sai a ƙarshe, lokacin da aka ba su umarnin rufe faifan. In mai ɗaukar bikin ya manta bai rufe ba, bidiyon yana nan a kwance, rajista ce babu. Na’urar da ta ɗauka za ta iya rufe shi, in kuma babu ita, manhajojin ceto irin su IsoBuster kan bi gurabe kai tsaye su tsamo abin da ke ciki.

Game da ƙarzuwa, yawancinmu gefen da ke ƙyalli muke tattali, mu bar gefen rubutu. A CD kuwa bayanan suna dab da gefen rubutun ne, ɗan siririn fenti kawai ya rufe su. Ƙarzuwar ƙasa leza kan iya hango bayanta, amma in biro ko allura ta kankare sama, abin ya tafi har abada. Ɗaga faifan ka duba ta hasken taga, in ka ga ɗigon haske yana ratsowa, wurin ya mutu. DVD ya fi samun kariya, don bayanansa suna tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce.

Wajen gogewa ma akwai ƙa’ida. An tsara faifan ne yadda bayanan da ke tare ake warwatsa su a kan layi, saboda haka lissafin gyara yana iya cike giɓin da ya kai kimanin milimita 2 da ɗoriya. Ƙarzuwar da ta ratsa daga cibiya zuwa baki ɗan kaɗan take ci a kowane zagaye, ana iya gyarawa. Wadda ta bi zagayen kuwa doguwar ɓarna take yi a layi ɗaya. Don haka da tattausan ƙyalle ake gogewa daga tsakiya zuwa gefe, ba a zagayawa. In ƙurar hunturu ce, a fara ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe.

Rinin nan na CD-R da DVD-R da muka ambata, shi ne babban abin tsoro. Rana da zafi suna kashe shi a hankali, laima irin ta Duwala tana shiga ta gefe ta ci rufin da ke mayar da haske. Faifan da aka bari a gaban mota ko kan taga zai iya mutuwa ba tare da ko ƙarzuwa ɗaya ba. Kuma abubuwan da ba su da madadi, muryar mahaifi da bikin ’ya, duk a kan irin wannan suke.

Abin yi tun yau

Ka nemi na’urar karanta DVD ta waje, mai shiga ta USB, ko ka je shagon da ke da ita. Ka fara da faya-fayan da babu kwafinsu a ko’ina, finafinai su jira.

In ka ga .cda, tatsa za ka yi. Ka ajiye na asali a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa rage komai, sannan ka yi MP3 don rabawa ’yan’uwa. In ka ga MPEGAV, ka ɗauki duk DAT ɗin da ke ciki. In ka ga VIDEO_TS, ka ɗauki jakar duka, ko ka yi wa faifan hoton ISO, wato kwafinsa gurbi da gurbi a fayil ɗaya. Daga nan manhajar HandBrake, ita ma kyauta, za ta mayar maka da shi MP4 don waya. Ka lura, filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, ko da akwai wuri, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma mayarwar tana iya share abin da ke ciki.

In faifai ya ƙi karantuwa a wata na’ura, ka gwada wata, idanunsu ba ƙarfi ɗaya ba. Bayan ka gama, ka cire faifan daga kwamfuta tukuna, sannan ka buɗe kwafin, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe. Ka ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya a wani gidan. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse bidiyon ya rage masa kyau. Faifan kuma ka mayar da shi kwalinsa, a tsaye, a inuwa, kada ka yar.

Na Hajiya, sassa 11 sun fito lafiya lau. Na ƙarshe, wanda ke can bakin faifan inda yatsu suka fi taɓawa, sai da manhaja ta yi ta maimaita shi kusan rabin awa, kuma duk da haka akwai ɗan wurin da muryar ta yanke. Da na kunna mata na farko a waya, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in tura wa ’yarta da ke aure a Ngaundere. Washegari jikan ya dawo da leda cike da faya-fayai 30 da wani abu, ya ce in koya masa ya yi sauran da kansa. Huɗu daga ciki sun riga sun mutu.